Maganin tsinka jini da maganin ciwon jiki, haɗin da ba a tambaya a kemis

Mutumin da likita ya ɗora kan maganin tsinka jini, in ka tambaye shi ko yana shan wani abu bayan wanda aka rubuta masa a asibiti zai ce maka a'a, kuma a ganinsa ba ƙarya ya yi ba. Diclofenac ɗin da yake aika yaro ya siyo masa duk dare saboda gwiwa, ko Alabukun ɗin da yake kaɗawa a ruwa in kai ya sara, shi fa bai ɗauke su magani ba, na ciwon jiki ne kawai, abin da kowa ke sha. To a nan matsalar take, don cikin duk abubuwan da ke karo da maganin tsinka jini da wuya ka samu wanda ya fi waɗannan sauƙin samu, ga arha, ga shi babu mai tambayarka takarda.

Su wa ma ke shan maganin tsinka jinin? Sun fi yadda ake zato yawa. Akwai wanda bugun zuciyarsa ya rikice ba ya tafiya daidai, jini na kwanciya a wani lungu na zuciyar ya daskare, gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Akwai wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, ƙafar ta kumbura, ko gudan ya wuce huhu. Akwai waɗanda aka canza wa bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, aka sa na ƙarfe, yawanci matasa ne ma, ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa da kyau ba ya taɓa musu zuciya, wasu Indiya aka kai su, wasu cibiyar Salam da ke Khartoum wadda aka buɗe a 2007, su kam warfarin ne har ƙarshen rayuwa. Sai matan da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, ciwon da Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, in aka ga gudan jini a zuciyar su ma ana ɗora su. Magungunan su ne warfarin, da sababbin irin su rivaroxaban mai suna Xarelto, apixaban mai suna Eliquis, dabigatran, sai na allura kamar heparin da Clexane. Gefe guda kuma akwai ƙaramin asfirin 75mg wanda aka fi sani da Vasoprin, da clopidogrel, su hanyar aikinsu daban ce amma inda suka dosa ɗaya ne.

Ba wai jinin ruwa yake zama ba. Yana nan da kaurinsa, daskarewa ce ke ɗaukar lokaci.

In jijiya ta fashe, jiki na toshe wajen da abu biyu, ka ɗauka bulo da siminti. Bulon wasu ƙananan ƙwayoyin jini ne da ake kira filatilet, su ke fara rugawa wajen su manne da juna. Simintin kuma wasu sinadarai ne da hanta ke haɗawa, su ke saƙa wani zare da zai ɗaure bulon ya zauna. Warfarin siminti yake ragewa, yana hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa guda 4 daga cikin sinadaran nan, su rivaroxaban da apixaban kuma sinadari ɗaya tak suke kamawa su riƙe. Likita ya san ya rage maka siminti, da gangan ya yi, ya auna, ya bar maka bulon yana aiki yadda in ka yanke jinin zai tsaya ko da an ɗan jima. Sai kai kuma ka je ka sha ibuprofen ko diclofenac ko asfirin, su kuma bulon suke taɓawa, suna hana filatilet mannewa. Kaga yanzu duka biyun sun yi rauni. Asfirin ma ya fi muni ta wannan fuskar don in ya taɓa filatilet ya gama da ita ke nan har ta mutu, kuma filatilet kan yi kwana 7 zuwa 10 a jiki, wato Alabukun ɗaya da ka sha ranar Juma'a, tunda akwai asfirin a cikinsa, aikinsa na nan a jininka har tsakiyar sati mai zuwa, alhali ciwon kan ma ka manta da shi. Kuma fa asfirin ɗin da ke cikin ƙullin Alabukun ɗaya 760mg ne, ninki goma na Vasoprin.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Abin da ya sa haɗin nan ya fi sauran haɗari shi ne waɗannan magungunan ciwon jikin ba hana toshe rauni kawai suke ba, su da kansu suke yin raunin. Cikin ɗan Adam akwai ruwa mai tsami sosai da ke narka abinci, abin da ya hana shi cin bangon cikin wata majina ce da jiki ke shafawa, da kuma jinin da ke zagayawa wajen yana gyara duk inda ya ƙuje. Sinadarin da ke ba da umarnin yin wannan kariyar ɗan gidan su wanda ke kawo zafi da kumburi a gwiwa ne, hanya ɗaya ake haɗa su, shi kuma maganin bai san bambanci ba, in ya toshe hanyar ya toshe duka. Gwiwa ta yi sauƙi, ciki ya rasa kariya, gyambo ya fito. A mai lafiya gyambon zai iya ɗan tsatsafo da jini ya tsaya. A mai shan warfarin ba lalle ya tsaya ba. Ga kuma ƙwayar cutar nan H. pylori mai kawo olsa da ta yi yawa sosai a ƙasashenmu, da yawa dama cikin nasu ba lafiyayye ba ne tun farko.

Nan ne nake son mutane su gane wani abu, don ana yawan cewa ai ni sai na ci abinci nake sha, ko kuma ai ni ba ƙwaya nake sha ba allura ake min. Cin abinci na rage ƙwannafi da jin zafin ciki, amma ba ya kawar da haɗarin, saboda ta cikin jini maganin ke zagayowa ya cire kariyar, ba sai ya taɓa bangon cikin kai tsaye ba. Allurar diclofenac da mutanenmu ke so kamar me, ita ma tana kawo gyambon ciki, kuma ta ƙara da nata, don huda tsoka ga mai shan maganin tsinka jini na iya tara jini a cikin ɗuwawu ya kumbura ya yi tauri. Haka ƙaho. Dattijo baya ya riƙe, a kira wanzami ya zo ya tsaga, babu wanda zai tuna ya ce Baba fa yana shan maganin tsinka jini.

Akwai ƙoda kuma. Magungunan ciwon jikin nan na rage jinin da ke zuwa ƙoda, musamman ga tsoho, ko mai shan maganin fitsari saboda zuciya, ko lokacin zafi da azumi da jiki ba ruwa. Dabigatran kusan kashi 80 cikin 100 ta ƙoda yake fita, rivaroxaban wajen kashi ɗaya cikin uku, to in ƙoda ta ja baya sai maganin ya taru a jiki, ƙwaya ɗaya kake sha amma jininka na ɗauke da fiye da haka. Kuma magungunan ciwon jikin suna tara ruwa a jiki su ɗaga hawan jini, abin da mai ciwon zuciya ke gudu ke nan, hawan jini kuma shi ne babban abin da ke fasa jijiya a ƙwaƙwalwa.

Girman haɗarin fa? A watan Nuwamba 2024 mujallar likitocin zuciya ta Turai ta fitar da wani bincike daga asibitin jami'ar Aarhus a ƙasar Denmark, sun bi bayanan mutum 51,794 da aka ɗora kan maganin tsinka jini saboda gudan jini a ƙafa ko huhu, daga 2012 zuwa 2022. Waɗanda suka haɗa da irin waɗannan magungunan ciwon jikin, haɗarin zubar jini a cikin jikinsu ya ninka sau biyu da ɗan wani abu. Da aka rarraba, ibuprofen ninki 1.79, diclofenac ninki 3.3, naproxen ninki 4.1. Zubar jini a ciki da hanji ya haura ninki biyu, a ƙwaƙwalwa ya haura ninki uku, ƙarancin jini ma kusan ninki uku. Kuma abin bai tsaya kan warfarin ba, har sababbin magungunan da ake cewa sun fi sauƙi haka aka gani. Ninki biyu ba yana nufin duk wanda ya sha zai zubar ba, a manyan gwaje-gwajen da aka yi wajen mutum 2 zuwa 3 cikin 100 ne ke samun babbar zubar jini a shekara kan maganin tsinka jini shi kaɗai, to wannan ne ke ninkuwa. Mafi yawa za su sha su tashi lafiya, shi ya sa ma ake raina abin, kowa na da ɗan uwan da ya sha bai ga komai ba. Amma ka duba wanda ya fi yawa a kemis ɗinmu, diclofenac ne, mai ninki 3.3 ɗin, kuma can Denmark mutum ƙwaya ɗaya da aka rubuta masa yake sha, a rubuce, an san sunanta.

Mu kuma haɗi muke sha. Yaro ya je ya ce Baba ya ce a ba shi na ciwon jiki na ɗari uku, mai kemis ya ɓalle wannan ja, wannan fari, wannan kafso, ya ƙulle a leda babu suna babu komai. Cikin ledar nan za ka iya samun diclofenac da ibuprofen tare, ko a ƙara piroxicam wanda aka fi sani da Feldene ko Felvin, shi kuma yana daɗewa a jiki sosai don sai ya yi wajen awa 50 kafin rabinsa ya fita, kuma yana cikin waɗanda suka fi cin ciki, tun 2007 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi saboda haka. Wani lokacin har da prednisolone ko dexa a ciki don mutum ya ji garau da safe, su kuma in suka haɗu da waɗancan suna ƙara haɗarin gyambon. Ni ban ma ga laifin mai kemis shi kaɗai ba, wanda ke gabansa yaro ne ɗan aike, bai ga mara lafiyar ba balle ya tambaya. Sai kuma magunguna masu sunan kasuwa da mutum bai san abin da ke ciki ba, Ibucap misali akwai ibuprofen a ciki, Cataflam da Voltaren duk diclofenac ne, Brufen ibuprofen ne, Indocid ma ɗan gidan ne. Mace mai jego da aka ɗora kan warfarin, mara na murɗa mata, ko budurwa mai bawul ɗin ƙarfe da ke fama da ciwon mara duk wata, abin da za a fara miƙa mata cikin waɗannan ne, ga shi dama maganin tsinka jinin na ƙara yawan jinin al'ada.

Warfarin kam tarihinsa ma ya isa ya nuna maka ba abin wasa ba ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a Kanada da arewacin Amurka, jini ya ɓalle musu ya ƙi tsayawa bayan an yanke ƙaho ko an yi dandaƙa, aka gano wata harawa ce da ta yi fumfuna suke ci. Daga nan masu bincike a jami'ar Wisconsin ƙarƙashin Karl Paul Link suka ciro sinadarin, a 1948 aka fara sayar da warfarin a matsayin maganin ɓera, sai 1954 aka amince a ba mutane. Ba don in tsorata kowa na kawo wannan ba, maganin ya ceci rayuka ba adadi, kawai dai tazarar da ke tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa siririya ce, shi ya sa ake gwajin INR, gwajin jini da ke auna jinkirin daskarewarsa. Mai lafiya INR ɗinsa wajen 1 ne, mai warfarin ana so ya zauna tsakanin 2 da 3, wasu masu bawul ɗin ƙarfe 2.5 zuwa 3.5. Amma ga wani tarko, gwajin INR siminti kawai yake aunawa, ba ya ganin filatilet, ba ya ganin gyambo. Za ka iya zuwa asibiti a ce INR ɗinka 2.4 ne lafiya lau, ka dawo gida kana murna, alhali diclofenac na can yana aikinsa.

Wani zai ce to a bar warfarin mana a koma sababbin. Ban da tsada, ba kowa suke yi wa ba. Mai bawul ɗin ƙarfe ba a ba shi su. Kuma a 2022 wani babban gwaji mai suna INVICTUS da aka yi kan mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, masu ciwon bawul irin wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro tare da rikicewar bugun zuciya, ya nuna waɗanda ke kan irin su warfarin sun fi masu rivaroxaban tsira da rai. Wato irin ciwon zuciyar da ya fi damun matasanmu, tsohon maganin ne dai gatansa. Sannan in jini ya ɓalle, warfarin ana iya karya shi da bitamin K da ruwan jini, sababbin kuma magungunan karya su na da tsadar gaske kuma ba kowane asibiti ake samu ba.

To me mutum zai sha, tunda ciwo ba ya jira? Farasitamol shi ne na farko, ba ya taɓa filatilet yadda waɗancan ke yi, ba ya cin ciki. Babba mai lafiyar hanta kada ya wuce ƙwaya 8 masu 500mg a awa 24, mai ƙaramin jiki ko ciwon hanta ƙasa da haka. Sai dai shi ma da sharaɗi ga mai warfarin, in za ka riƙa shan ƙwaya 4 ko fiye kullum na kwanaki a jere yana iya ɗaga INR, don haka a gaya wa likita a matso da ranar gwaji. Na shafawa irin jel ɗin diclofenac kaɗan ne ke shiga jini, ya fi na sha sauƙi nesa ba kusa ba, amma a tambayi likita tukuna, kuma man zafi masu sinadarin methyl salicylate irin su Deep Heat in aka riƙa lafta su a jiki da yawa an ga suna ɗaga INR. Tramadol ba mafita ba ce da mutum zai yanke wa kansa, yana taɓa INR, ga kuma abin da muka riga muka sani game da shi a unguwanninmu. Gasa wajen da ruwan ɗumi, rage ƙiba in gwiwa ce, motsa jiki wajen masu gashin ƙashi, waɗannan ba sa burge mutane don ba ƙwaya ba ce, amma ciwon gwiwar tsufa ba kwana uku yake ba balle a ce a daure a sha a gama, shekaru ne, kuma shan diclofenac na shekaru kan warfarin garin neman gira ne a rasa ido. In ciwon ya fi ƙarfin farasitamol akwai lokacin da likita da kansa zai ba da ɗaya daga cikin su ibuprofen ɗin, mafi ƙanƙantar awo na 'yan kwanaki, ya haɗa da maganin kare ciki irin omeprazole ko pantoprazole. Wannan kariyar ciki ce kawai, ba ta hana zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na wanda zai karanta wannan ya ce shi ke nan bari in ajiye warfarin na sati ɗaya in sha maganin gwiwata in ta lafa in koma. Kar a yi. Mai bawul ɗin ƙarfe in ya daina, jini na iya daskarewa a kan bawul ɗin ya maƙale, mai rikicewar bugun zuciya kuma ɓarin jiki ne, sababbin magungunan ma cikin kwana ɗaya zuwa biyu kariyarsu ta fita daga jiki. Maganin ciwon ake canzawa.

Alamomin da ba a kwana da su a gida, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta da wari na daban, aman jini ko amai mai baƙin gari-gari, fitsari ja, haɓon da ya wuce minti 10 ana matsewa bai tsaya ba, dasashi na zubar jini haka kawai, jinin al'ada da ya wuce misali, jiri da haki da tafin hannu ko cikin ido ya yi fari. Maganin ƙarin jini ma na sa bayan gida baƙi, amma kar mai shan maganin tsinka jini ya yanke hukunci da kansa cewa shi ne. Taruwar jini ƙarƙashin fata da takardun magani ke cewa a lura da ita, a baƙar fata ba ta cika nunawa ba, sai dai ka ji wajen ya kumbura yana ciwo ba tare da ka bugu ba. Ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ruɗewa, baki ya karkace, hannu ya saki, ko faɗuwa a bugu a kai ko da mutum ya tashi ya ce ba komai, duk asibiti ne a take, kuma a tafi da kwalin maganin da ledar haɗin in da saura, don likitan ya ga abin da aka sha.

Masu shan Vasoprin kaɗai ma abin ya shafe su ta wata hanya. Ibuprofen na iya riga asfirin zama a wajen da yake kamawa a jikin filatilet, ya tare shi, sai asfirin ya wuce bai yi aikin kare zuciyar ba, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haka tun 2006. Kaga an samu asara biyu, ciki na ci gaba da ƙujewa, zuciya kuma ba ta samu kariyar ba. Akwai kuma waɗanda dama suna shan Vasoprin shekara da shekaru saboda hawan jini ko don wani ya ce yana da kyau, sai daga baya aka ɗora su kan rivaroxaban ko warfarin a wani asibitin, babu wanda ya ce su daina na farkon, suka ci gaba da haɗawa. Wani lokacin likita ne ke haɗa su da gangan, misali bayan an sa wa mutum ƙarfen buɗe jijiyar zuciya, kuma yawanci na wani ƙayyadajjen lokaci ne. In kana shan biyun kuma ba ka san wanne ne naka ba, ranar asibiti ta gaba ka ɗauki duka ka ajiye gaban likita ka ce masa Dakta wannan Vasoprin ɗin har yanzu ina buƙatarsa ko an manta ne ba a cire ba.